Mata a Sana'ar Ɗab'i: Yawan Sauya Shago, Ƙarancin Hawa Matsayi

Duk lokacin da kakar zaɓe ta ƙarato, sana'ar ɗab'i tana cikin waɗanda suka fi saurin farfaɗowa a biranen Najeriya. Tun kafin a kaɗa gangar siyasa a hukumance, injinan buga takardu a Shomolu ta Legas, da Garki ta Abuja, da lungunan Kano da Kaduna da Zariya da Jos, sukan soma kwana suna aiki: fosta, kalanda, riguna, huluna, allunan talla da takardun manufofin jam'iyyu. A zaɓen 2023 hukumar INEC ta yi wa mutum sama da miliyan 93 rajista, jam'iyyu 18 suka shiga takara, aka kuma tanadi rumfunan zaɓe 176,846. Kowace rumfa tana buƙatar takardun ƙuri'a da na sakamako da kundin sunayen masu zaɓe, kowane ɗan takara kuma yana son a ga fuskarsa a bango. Yanzu da zaɓen 2027 ke tafe, wannan kasuwa ta sake buɗewa, masu maɗaba'a sun fara neman ƙarin hannu.

Da yawa daga cikin waɗanda za a ɗauka mata ne. Duk ɗan kasuwar da ya saba kai aikin rasit ko sitika, da duk ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa aika shi karɓo takardun ofis, ya san cewa mace ba baƙuwa ba ce a maɗaba'ar yau. Ita ce sau da yawa ke karɓar aiki a bakin ƙofa, ita ke zaune gaban kwamfuta, ita ke naɗe takardu da jera shafuka a teburin ƙarshe. Amma idan aka tambayi wane ne babban afareta, ko shugaban sashen bugu, ko mai shagon, amsar ba kasafai take zama sunan mace ba, musamman a Arewa. Mata suna shiga sana'ar, suna yawan sauya wurin aiki a cikinta, amma hawa matsayi yana musu wuya. Ruwa ba ya tsami banza: dalilan suna cikin yadda aka tsara aikin kansa, da dokar ƙwadago, da hanyar koyon sana'a, da kuma jari.

Matakai uku, ƙofofi biyu

Aikin ɗab'i kashi uku ne. Na farko shi ne shirya aiki: taifin, gyaran rubutu, zayyana, raba launi da fitar da farantin bugu. Na biyu shi ne bugun kansa, inda afareta ke ɗora faranti a inji, ya daidaita tawada da ruwa, ya tabbatar launuka huɗun nan, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, sun hau kan juna daidai. Na uku shi ne kammalawa: yanka, naɗewa, jera shafuka, ɗinki, manna bango, ƙirga da ɗaurewa.

Mata sun fi yawa a kashi na farko da na uku. Kuɗi da daraja kuwa sun fi taruwa a na biyu. Dalilin a fili yake. Inji shi ne kadara mafi tsada a maɗaba'a, takarda kuma ita ce ke cin kaso mafi girma na kuɗin kowane aiki. Afaretan da ya iya daidaita launi bayan ɓata takarda hamsin ya fi wanda sai ya ɓata ɗari biyar daraja nesa ba kusa ba, kuma mai shago ya san haka. Shi ya sa ake rarrashin ƙwararren afareta, a ba shi bashi, a jure wa halinsa. Mai jera shafuka kuwa, idan ta tafi yau, gobe an samu wata.

Daga ɗakin inji ne kuma ake samun wanda zai iya lissafin farashin aiki: rim nawa na takarda zai ci, faranti nawa, tawada nawa, awa nawa a kan janareto. Wanda ya iya wannan lissafi shi ake naɗawa manajan aiki, kuma shi ne ke da ƙarfin gwiwar buɗe nasa shagon wata rana. Tsanin hawa a wannan sana'a ta tsakiyar ɗakin inji ya bi, kuma nan ne ɗakin da mata suka fi ƙarancin shiga.

Yadda ƙofar ta fara buɗewa

Ɗab'i ya shigo ƙasar nan ta hannun 'yan mishan. An kafa injin farko a Kalaba a 1846, sannan Henry Townsend ya kafa nasa a Abekuta, inda ya fara buga jaridar Iwe Irohin a 1859. A Arewa, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sai New Nigerian a Kaduna a 1966, sai Triumph a Kano a 1980. A mafi yawan wannan zamani, shirya shafi aiki ne na narka darma da jera haruffan ƙarfe, cikin zafi da hayaƙi da ɗaukar nauyi. An ɗauke shi aikin maza, kuma maza suka gaje shi daga maza.

Kwamfuta ce ta rushe wannan katanga. Manhajar PageMaker ta fito a 1985, CorelDraw ta biyo baya a 1989, kuma cikin shekarun 1990 shagunan taifin suka cika biranen Najeriya. Matan da suka karanta aikin sakatariya a kwalejoji suka sami kansu a bakin sabuwar ƙofa, domin hannun da ya iya tafireta bai sha wuyar koyon kwamfuta ba. Abin da da yake buƙatar ƙarfin damtse ya koma buƙatar saurin yatsa da kula da rubutu.

A daidai wannan lokaci mata suka zama manyan abokan cinikin maɗaba'u a Kano. Bayan Hafsat Abdulwaheed, wadda littafinta ya fito ta hannun kamfanin NNPC na Zariya a 1980, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suka jagoranci ambaliyar littattafan Hausa da aka riƙa bugawa a ƙananan maɗaba'u ana rarrabawa ta kasuwanni. Mata suka rubuta, mata suka saya, mata da dama suka buga rubutun a kwamfuta, amma injinan da suka fitar da littattafan galibi na maza ne. A Kudu maso Gabas an ga misalin da ya sha bamban: marubuciya Flora Nwapa ta kafa kamfaninta na Tana Press a Inugu cikin shekarun 1970, domin kada littattafanta su ci gaba da jiran yardar wasu. Shekaru kusan hamsin bayan haka, irin wannan mataki har yanzu abin nunawa da yatsa ne a wannan yanki.

Dare, doka da ubangida

Bugu aikin dare ne. Jarida da dare ake buga ta domin ta isa hannun mai karatu da safe. Aikin siyasa da na jarrabawa da na biki kullum a makare suke zuwa, sai an kwana a kansu. A wurare da yawa ma, da dare ne wutar lantarki ta fi tsayawa. Wanda duk ba zai iya kwana a shago ba, ba zai zama cikakken afareta ba.

A nan ne dokar ƙasa ta shigo. Sashe na 55 na Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali tun shekarun 1970, ya hana a sa mace aikin dare a masana'anta, kuma daren da ake nufi ya ƙunshi tsakanin ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 5 na asuba. Dokar ta ware ma'aikatan jinya, da matan da ke riƙe da muƙamin shugabanci waɗanda ba aikin hannu suke yi ba. Ma'ana, doka ta yarda mace ta kwana a maɗaba'a a matsayin manaja, amma ba ta yarda ta kwana tana koyon injin da zai kai ta ga zama manajar ba. An yi dokar da niyyar kariya, ta koma shinge. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kanta ta sauya salo tun 1990, lokacin da ta amince da yarjejeniya mai lamba 171, wadda ke kare lafiya da haƙƙin duk mai aikin dare, namiji ko mace, maimakon hana jinsi guda.

Gaskiya ne cewa ƙananan masu shaguna da yawa ba su taɓa karanta wannan sashe ba. Amma manyan kamfanoni masu lauyoyi da sashen kula da ma'aikata sun san da shi, kuma su ne ke da tsarin ƙarin girma da fansho. A ƙananan shagunan kuwa, al'ada da yanayin tsaro suna yin aikin da doka ba ta yi ba. Uba ko miji da ya ƙi barin 'yarsa ko matarsa ta kwana cikin samari a shagon da ba shi da makewayi na mata, kuma babu motar da za ta mayar da ita gida, ba a ce ya yi rashin hankali ba. Gyaran yana wuyan wurin aikin.

Sai hanyar koyo. Yawancin afaretocin Kord da GTO, tsofaffin injinan Heidelberg na Jamus da suka cika maɗaba'un ƙasar nan, ba a aji suka koya ba. Yaro ne ake kai wa ubangida, ya fara da wanke robar inji da ɗauko takarda, ya shekara uku ko huɗu kafin a bar shi ya taɓa maɓallin tawada. Wannan tsari ya ginu a kan zaman tare dare da rana tsakanin ubangida da yaronsa. Ba a tsara shi da tunanin yarinya ba, kuma ba a sake masa fasali ba har yau.

Daga wannan shago zuwa wancan

Da yake hanyar sama a toshe take, sai motsi ya koma na gefe. Mai zayyana ko mai taifin takan bar wannan shago ta koma na maƙwabta saboda ƙarin 'yan dubbai, ko saboda an fi biya a kan lokaci, ko saboda ya fi kusa da gida. Ba laifinta ba ne. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Amma bayan shekara goma, takan waiga ta ga ta zauna a shago biyar, a kan kujera iri ɗaya, da suna iri ɗaya.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne rashin takarda, a sana'ar da takarda ce hajarta. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa. A ƙananan maɗaba'u da yawa magana ce ta baka kawai. Babu takardar ɗauka, babu sunan muƙami, babu takardar shaidar barin aiki. Idan mace ta koma sabon wuri, ba ta da abin da za ta nuna cewa ta shekara shida tana raba launi ko tana lissafin farashi, sai a sake gwada ta kamar sabuwar shiga. Ƙwarewar afareta kunnen kasuwa yana jin ta, domin aikinsa yana fita da sunansa a bakin abokan sana'a. Ƙwarewar mai shirya aiki kuwa takan ɓace cikin sunan shagon.

Haihuwa ita ce mahaɗar da aka fi rasa mata. Sashe na 54 na dokar ya ba mace hutun mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, tare da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin. Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya suna samun mako 16, jihohi irin su Legas da Kaduna kuma sun kai nasu wata shida. Amma inda babu takardar ɗauka, hutun haihuwa yakan zama sallama ba tare da an furta ba. Ta tafi wankan jego, ta dawo ta tarar da wata a kujerarta. Kowace haihuwa tana iya mayar da ita matakin farko, alhali abokin aikinta namiji yana ci gaba da tara shekaru a wuri guda.

Tsadar takarda da wuta

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da sana'ar take cikin matsi. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa, a Jebba ta Jihar Kwara, da Oku Iboku ta Akwa Ibom, da Iwopin ta Ogun, sun daɗe ba sa samar da abin da zai wadatar da ƙasa. Takardar bugu, tawada, faranti da kayan gyaran inji, kusan duka daga waje ake shigo da su, da dala. A tsakiyar 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin hukuma. Cikin 2024 ta haura Naira 1,500. An cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. A Afrilun 2024 kuma aka ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 a kan kowane yunit, kafin a ɗan sassauta.

Idan mai maɗaba'a ya ga kuɗin takarda ya ninka, abokin ciniki kuma ya rage yawan abin da yake bugawa, sai ya duba inda zai tsuke. Ba zai sallami afareta ba. Teburin kammalawa zai fara dubawa, ya mayar da masu albashin wata zuwa masu biyan yini, a kira su idan aiki ya zo, a sallame su idan ya ƙare. Sabon mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafi wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, kuma yawancin maɗaba'u ƙanana ne. A kakar zaɓe za a ga mata cike da teburi suna naɗe takardu har yatsu su yi kanta. Bayan zaɓe da wata biyu teburin ya koma wayam. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Kujerar kwamfuta ma ba ta tsira ba. Ɗalibi yanzu a wayarsa yake rubuta kundinsa. Mai sayar da atamfa tana tsara tallarta da Canva, ta tura ta WhatsApp. Littattafan Hausa da yawa sun koma karatun waya. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna fitar da hoto da rubutu cikin daƙiƙoƙi. Aikin taifin zalla, ƙofar da mata suka shigo ta cikinta shekaru talatin da suka wuce, yana ƙanƙancewa. Wadda ta tsaya a nan kaɗai, sauya shago ba zai cece ta ba, domin duk shagunan matsalarsu ɗaya.

Takardar shaida da rufin da ke sama

Akwai hanyar makaranta. Kwalejin Fasaha ta Yaba da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna suna cikin tsofaffin wuraren da ake koyar da fasahar ɗab'i zuwa matakin difloma da babbar difloma, kuma a aji babu batun kwana a shagon ubangida. A can ɗaliba takan koyi inji da lissafin farashi da sarrafa launi a lokaci guda. Sai dai iyaye da yawa ba su ma san akwai wannan kwas ba, masu cike fom ɗin JAMB kuma ba kasafai suke ambata shi ga 'yan mata ba.

Ga waɗanda suka shiga aikin gwamnati, a maɗaba'un gwamnatocin jihohi ko sassan ɗab'i na jami'o'i da ma'aikatu, akwai wani rufin. Fasahar ɗab'i kwas ne na kwalejojin fasaha, kuma bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri wajen ƙarin girma bai gushe ba. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin kawar da shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Wannan ya shafi maza da mata, sai dai ya fi nauyi a kan wadda hidimar gida ba za ta bar ta ta koma jami'a neman ƙarin takarda ba. Shi ya sa wasu ke neman a sauya musu layi zuwa sashen mulki ko na yaɗa labarai, sana'ar ta yi asarar ƙwararriya.

Ga dubban da suka koya a shago, akwai tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa da hukumar NBTE ke kula da shi, wanda ke ba da damar a auna abin da mutum ya riga ya iya a ba shi takarda. Akwai kuma cibiyar ƙwararrun masu ɗab'i ta CIPPON, wadda doka mai lamba 24 ta 2007 ta kafa domin yi wa masu sana'ar rajista da tsara ta. Waɗannan su ne kayan aikin da za su mayar da shekarun mace a shago su zama abin da za ta iya ɗauka ta tafi da shi. Amfaninsu ya dogara ne ga isarsu lungunan da matan suke.

Tagar da ta buɗe

Duk da wannan matsi, sauyin fasaha ya zo da dama irin wadda ba a gani ba tun zuwan kwamfuta. Injinan bugu na dijital ba sa buƙatar faranti, ba sa buƙatar daidaita ruwa da tawada da hannu, kuma daga kwamfuta ake sarrafa su. Haka injinan buga manyan allunan talla, da na yanka sitika, da na buga riguna da kofuna. Wadda ta iya zayyana ta riga ta yi rabin tafiya zuwa sarrafa su. Katangar da ke tsakanin kujerar kwamfuta da ɗakin inji ta fara tsagewa.

Kasuwar ma ta karkata. Yayin da bugun jarida da littafi ke ja baya, bugun kwali da leda da lakabin kaya yana ƙaruwa. Mai haɗa turaren wuta da humra, da mai yaji, da mai kilishi, da mai zoɓo da kunun aya a roba, duk suna buƙatar sitika mai kyau, kuma mai neman lambar NAFDAC dole ta gabatar da lakabi mai ɗauke da bayanan kayanta. Kayan rabo na biki, daga littafin rubutu zuwa jaka da kalanda, kasuwa ce da mata ke yanke shawara a cikinta. Irin waɗannan ayyuka kaɗan-kaɗan ake buga su, da rana ake yin su, kuma mai sayen takan fi sakewa da 'yar uwarta mace. Mace mai ƙaramin injin dijital a shago ɗaya, ko ma a ɗakin zaure, tana iya riƙe wannan ciniki.

Abin da ya rage shi ne jari. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba da bashi, ga waɗanda ke ƙaurace wa bashin ruwa saboda addini. Banki yakan nemi takardar fili ko gida, abin da mata ƙalilan suka mallaka da sunansu. Amma akwai tanade-tanaden da ba a cika amfani da su ba. Dokar 2017 ta jingina da kadarori masu motsi ta ba da damar a sa inji kansa a matsayin jingina ta hanyar rajistar ƙasa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da tsarin sayen kaya su sayar wa mutum ya biya a hankali. A 2013 ma, asusun Naira biliyan 220 da Babban Banki ya ware wa ƙananan sana'o'i ya keɓe kashi 60 cikin 100 ga mata. Tanadi a takarda ya daɗe da samuwa; isarsa hannun mai sana'a shi ne aikin da ya saura.

Hujjar masu shago

Masu maɗaba'a suna da nasu ƙorafin, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Sukan ce sun sha koya wa yarinya aiki shekara biyu, aure ya ɗauke ta zuwa wani gari, ko miji ya hana. Sukan ce shagon da ke fama da kuɗin man janareto ba zai iya biyan albashin wata uku ga wadda ba ta zuwa ba. Duka biyun gaskiya ne. Amma yaran shago maza ma suna tafiya, sau da yawa da abokan cinikin ubangidansu a aljihu, kuma ba a daina koya musu ba. Game da hutun haihuwa kuwa, matsalar ita ce dokar Najeriya ta ɗora nauyin kacokan a kan mai aiki shi kaɗai. Ƙasashe da dama, ciki har da maƙwabciyarmu Nijar, suna raba wannan nauyi da asusun inshorar ma'aikata. Muddin ƙaramin mai shago ne zai biya daga aljihunsa, zai ci gaba da guje wa ɗaukar matar aure a kan muƙami mai muhimmanci, ko da bai faɗa ba.

Abin da ke hannun kowa

Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce ke da ikon gyara Sashe na 55, ta maye haramci da sharuɗɗa: yardar ma'aikaciya, abin hawa zuwa gida, wurin aiki mai tsaro da makewayi na mata. CIPPON da ƙungiyoyin masu maɗaba'a na jihohi suna iya sa takardar ɗaukar ma'aikata cikin sharuɗɗan sabunta rajista, su kuma shirya horon inji na rana tare da kwalejojin fasaha. Jami'an sayen kaya a ma'aikatu suna da nasu rabon. Kwangilar ɗab'i takan buƙaci takardun CAC da na haraji da na fansho da ITF da NSITF, kuma idan aka dunƙule aikin shekara guda a kwangila ɗaya, sai babban kamfani ko ɗan kwangilar da ba shi da inji ko ɗaya ya cinye, ya dawo ya raba wa ƙanana a kan farashin wulaƙanci. Rarraba aikin zuwa ƙananan kashi, da biyan kuɗi a kan lokaci, zai kai shi hannun masu yin sa na gaskiya.

'Yan kasuwa ma suna da ta cewa, domin su ne masu kai aiki kullum. Wanda ya san cewa wata ce ke tsara masa lakabin kayansa shekara da shekaru, shaidarsa a kanta tana da daraja ranar da za ta nemi sabon matsayi ko ta buɗe nata wurin. Ita kuma ma'aikaciyar, kafin ta amsa tayin shagon maƙwabta, akwai abin da ya fi ƙarin Naira dubu biyar muhimmanci ta tambaya: shin za a ba ta takardar ɗauka da sunan muƙami, shin za a bar ta ta koyi inji, shin za a nuna mata lissafin farashi.

Kakar zaɓen da ke tafe za ta kawo aiki da kuɗi, kamar yadda ta saba, kuma za ta wuce kamar yadda ta saba. Bayan an share fostoci daga bango, za a san ko matan da suka cika teburan naɗe takarda sun fita da ƙwarewa da takardar shaida da ɗan jari, ko kuwa sun koma gida jiran 2031.